Neman Ɗan Kebbe a Tsakiyar Damina

Har yau, in na ji ma'aikaci ya ɗaga kafaɗa ya ce "ai mun aika da takarda," sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Jikokina sun gane haka, har sukan tsokane ni da maganar in sun ga na yi shiru da yawa. Su dariya suke yi. Ni kuwa da wannan maganar aka raba abokina da karatunsa, ina tsaye ina kallo.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai, Jihar Arewa tana dunƙule, komai sai an jiyo daga Kaduna. Mu huɗu ne daga yankinmu a jami'a can Zariya: ni daga Tambuwal, ɗaya daga Jabo, ɗaya daga Dogon Daji, sai na huɗun daga Kebbe. Da na Kebben muka yi shekara biyu a ɗaki ɗaya. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma duk ya fi mu kai, ko da yake a lokacin ko yanka ni za a yi ba zan faɗi haka a gaban mutane ba. Likitancin dabbobi yake karantawa. Ya taɓa gaya mini cewa yana yaro wata cuta ta shiga garkensu ta kwashe shanu suna ji suna gani, ba su da abin ba su sai jiƙo da addu'a. Burinsa ke nan a duniya, ya koma Kebbe da allura a jaka.

Akwai wani ofishi da ke ɗaukar nauyin karatunmu. A shekarar sai suka ɓullo da sabon tsari, wai cikin dogon hutu wani jami'i zai zagaya ya ga kowane ɗalibi ido da ido, ya duba sakamakonsa, sannan ya sa masa hannu ya ci gaba. Mun ji ƙishin-ƙishin ɗin tun muna Zariya, amma babu wanda ya san rana. Da muka sauka a tashar mota a Tambuwal za mu rabu, abin da muka ce wa juna shi ne abin da kowa ke cewa a ƙasarmu: sai mun haɗu ran kasuwa. Kasuwa ita ce gidan wayarmu. In kana neman mutumin Jabo, ka je rumfar da Jabawa ke sauke hatsi ka ba da saƙo da baki, kafin rana ta faɗi ya isa har ɗakin uwarsa.

Dogon hutu kuwa tsakiyar damina yake faɗowa. Mutanen ofis sun ɗauka ɗan jami'a in ya koma gida kujera ake kafa masa a inuwa yana jiran wasiƙa. Ina! Ranar da ka iso a yi maka sannu da zuwa, a dama maka fura, washegari wandon Turai ya shiga akwati a miƙo maka hauya.

Tawa takardar ta same ni ran kasuwa da hantsi, ita ma don mai kula da akwatin wasiƙu maƙwabcinmu ne. Ta ce nan da kwana uku, ƙarfe goma na safe, mu hallara a makarantar firamare ta Tambuwal. A ƙasa an ja layi biyu: wanda bai bayyana ba za a ɗauka ya bar karatu, a ba wani gurbinsa. Nan take na shiga kasuwa. Na Dogon Daji na same shi da kansa yana taya babansa cinikin akuya. Na Jabo na ba mutanensu saƙo. Da na isa inda mutanen Kebbe ke zama sai na tarar da rumfa wayam. Gulbi ya kawo, babu wanda ya ƙetaro da kaya.

Aka ce jami'in ya riga ya sauka a bariki, sai na wanke ƙafa na tafi. Mutumin ƙasar nan ne, ba Bature ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da Bature ne sai in ce baƙo makaho ne. Wannan kuwa a nan aka binne cibiyarsa, ya san damina, ya san gulbi. Kwas ya je Ingila na 'yan watanni, ya dawo da lofe a baki da Hausar rediyo. Na same shi a baranda ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mu fuɗu na, amma guda bai ji ba. Gulbi ya kawo, mutanen Kebbe ba su ci kasuwa ba. Da za a maida zaman wanga ran kasuwa mai zuwa, da kowa ya samu tahowa."

Ya zare lofen ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ni ba kasuwa na zo ci ba. An aika masa da takarda ko ba a aika ba?"

"An aika, ranka shi daɗe, amma..."

"To, ɗan jami'a ne. In bai iya karɓar takarda ba, me zai yi da digiri?"

Ya mayar da lofensa. Ko tambaya ɗaya bai yi mini ba. Bai ce ina yaron yake kwana ba, bai ce ta hannun wa saƙo ke isa gare shi ba, bai ce kwana nawa mutum ke yi daga can zuwa nan in ruwa ya sauka ba. Mu huɗu kacal, ba mu ɗari huɗu ba. Da ya ba ni minti biyar da na zana masa yadda zai tara mu ba tare da ya ɓata ko ɗigon man motarsa ba. Na fito barikin ina huci, na rantse sai na kawo abokina ko a bayana ne.

Da asuba na ari keken yayana. Shi ne ɗan farin innarmu, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan." Na tuna ma a ranar cewa ta yi, "In ka ɓata keken wancan, kai da shi." Na yi dariya na fita. A riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Hanyar Kebbe a damina ba hanya ba ce, hukunci ne. Rabin tafiyar ni na hau keke, rabin keke ya hau ni. Laka ta cika ƙafafunsa har sai na tsaya na sa tsinke na ƙwaƙule. A bakin gulbi na jira mai fito ya gama cin tuwonsa a natse, sannan ya ɗora ni da keken a jirgi, ya kuma gargaɗe ni cewa daga la'asar ba ya ƙetarawa, ko hakimi ne. Na shiga Kebbe rana ta yi sanyi, na nufi zauren malamin hakimi, don ta hannunsa wasiƙun gari ke bi.

Dattijo ne mai fara'a. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tabarma, ya buɗe. Ga takardar abokina nan kwance, ko buɗe ta ba a yi ba. Na ji kamar in yi ihu.

Ya ce, "Ɗan samari, kada ka ga laifina. Wanga suna da anka rubuta, ko cikin unguwag ga kaɗai masu shi sun fi a ƙirga. Kuma dukkansu 'yan Kebbe na. Wa za ni ba? Na aje ta har mai ita shi zo shi tambaya."

Gaskiyarsa. A makarantun boko na lokacin, tun daga firamare, sunan yankanka ake ɗauka a manna masa sunan garinku, shi ke nan ka zama wane na gari kaza. A Zariya wannan ya isa a gane mutum, don shi kaɗai ne ɗan Kebbe a jami'a duka. Amma ka rubuta haka ka aika cikin Kebbe, kamar ka shiga garke ne ka ce a fito maka da mai ƙaho. Mai lofe ya san da haka sarai, don shi ma sunan garinsu yake ja a bayansa.

Na kwatanta masa abokina: dogo, mai karatu a Zariya, gidansu suna noma suna kiwo. Ya ce, "Af! Wannan ai ba mu san shi da wanga suna ba." Ni da gaggawa ko tambayarsa ban yi ba da wane suna suka san shi. Ya ce gidan duk sun tashi sun koma tunga, wato bukkokin da suke zama a bakin gonakinsu har a yi girbi, ya kwatanta mini hanya. Na karɓi takardar na kwana a zaurensa.

Da hantsi na isa tungar. Bukkoki ne 'yan kaɗan a tsakiyar gero, babu motsin kowa sai kaji. A bakin hanya wani tsoho yana maimai, wato noma na biyu, da malfa a ka, riga duk gumi. A nan na yi abin da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Ban sauka daga keke ba. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a feda, na jefa masa sallama guntuwa irin ta 'yan birni, na ɗaga murya na kira sunan abokina, na ce ina yake.

Tsohon ya miƙe a hankali. Ya amsa sallamar cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "Sabka ka sha ruwa, ɗan samari."

Na ce, "Baba, ba ruwa ya kawo ni ba. Ka san shi ko ba ka san shi ba? Ɗanka na?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon bakin hauyarsa. Can ya nuna wata bukka da haɓa, ya ce, "Tambayi mutanen gidan can. Su ad da shi."

Na tura keke zuwa bukkar, na yi sallama har sau uku, ko tari babu. Na dawo a fusace. A raina na ce ga irin mutanen da ke ɓoye yaro in sun ga mai agogo da takarda, suna zaton soja za a kai shi ko kotu. Tsohon ya sake cewa in sauka in sha ruwa, ya ce tsohuwa na nan tafe daga rijiya. Ban saurare shi ba. Na zazzage masa labarin duka da ƙarfi kamar mai yi wa kurma magana: gobe da hantsi, a makarantar Tambuwal, in bai zo ba karatunsa ya ƙare, shekara biyu ta tafi a banza. Na soke takardar a jikin dannin gonar, na ce duk wanda ya gan shi ya ba shi. Na juya keke, don mai fito ba ya jira, ni ma kuma ina da nawa wuyan da zan ceta.

Sai daga baya na san abin da na yi. Wannan tsohon shi ne mahaifinsa. Abokina ɗan fari ne. A gidajen masu shanu irin nasu kunyar ɗan fari ta fi ta ko'ina tsanani: uba ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci da shi, ba ya cewa nasa ne a gaban mutane. Ƙanen uban ne ya rene shi, bukkarsa ce aka nuna mini. Ruwan da aka yi ta roƙona in sha, hanya ce ta zaunar da ni har tsohuwar, matar ƙanen nasa, ta iso ta faɗi abin da shi bakinsa ba zai iya faɗa ba. Da na zauna, da ta gaya mini abokina yana mashekari tare da shanu, can kan tudu inda ake kai su don kada su ci gona. Da ƙafa tafiyar yini ce. Da keke kafin azahar na isa, da na goyo shi mun riski mai fito.

Ni da na fito ɗakin da ake ce wa ɗan fari "wancan"! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na yi kwana biyu ina zagin mai lofe a zuci don bai tambayi komai ba, alhali ni shekara biyu ina kwana ɗaki ɗaya da mutum, na san makinsa a kowace jarrabawa, amma ban san shi ɗan fari ba ne, ban san sunan da ake kiransa a gida ba.

Ranar zama muka hallara mu uku. Jami'in ya zauna a teburin hedimasta, masinjansa a tsaye a bakin ƙofa. Ya duba takardunmu ya sa hannu, duka bai ci rabin awa ba. Don wannan rabin awar aka tayar da hankalin gidaje huɗu. Ya kira sunan abokina sau uku yana kallon ƙofa, kamar wanda bai san babu shi ba. Na miƙe na ba shi labarin gwangwanin biskit da tunga. Ya ce in zauna. Ya ja layi da jan biro, ya rufe fayil, ya ɗaure da zare.

Bayan azahar motarsa na tsaye a bakin makaranta, direba ya tayar, mu uku muna rakuɓe a gindin bango mun kasa tafiya. Sai ga tsoho ya ɓullo daga hanyar Kebbe. Malfar na fara ganewa. Laka har cinya, ƙafa ɗaya ta fashe tana jini, da sanda a hannu. Ashe ina juya baya ya jefar da hauya. Da tsohuwa ta iso ya ce ta nemo ƙanensa a gona ya tafi mashekari ya kirawo yaron, shi kuma ya kama hanyar Tambuwal da ƙafa don ya roƙi a jira. Ya kwana a wani ƙauye bayan gulbi, ya tashi tun kafin kiran salla.

Ya zube a gaban motar, ya cire malfa, ya zaro takardar daga cikinta a naɗe da ganye don kada ruwa ya taɓa ta.

"Ranka shi daɗe, na taho in roƙi arziki. Mai wagga takarda shina bisa hanya. A dakanta mai kaɗan, don Allah."

Jami'in ya leƙo ta taga. Ya ce, "Wane ne shi? Faɗi sunansa. Kuma kai mene ne naka a ciki?"

A daidai nan na gane komai. Na yi tsalle na ce, "Ranka shi daɗe, ai sunan na nan rubuce, ni in faɗa maka..." Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ba da kai nake ba. Wanda ya zo roƙo shi zai faɗi wanda yake roƙa wa."

Wallahi ya sani. Babu ɗan ƙasar nan da zai ga tsoho ya yi wannan tafiya, ya ƙi ambaton suna, ya kasa gane dalili. Masinjansa ma ya gane, don na ga ya kau da kai yana kallon bango. Ko gwada ikonsa yake yi, ko so yake ya nuna mana ya wuce irin waɗannan al'adu, Allah kaɗai ya bar wa kansa sani.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa.  Sannan ya faɗi sunan, a hankali, kamar mai ɗaga dutse. Ya ce, "Ɗana na. Shi na na fari."

 Na Jabo ya rufe fuska da hularsa.

Jami'in ya dubi agogo. Ya ce, "Baba, ƙarfe goma aka ce. An rufe fayil. Ai mun aika da takarda. In yana da ƙorafi ya rubuta zuwa Kaduna." Ya taɓa kafaɗar direba. Motar ta ja, ta bar tsoho a durƙushe da malfa a hannu.

Abokina ya iso dab da magariba, shi da ƙanen babansa, ƙafafu a kumbure. Da tsohon ya hango shi sai ya tashi ya koma bayan makaranta, kamar bai san wanda ya zo ba. Muka rubuta zuwa Kaduna, ni da hannuna na rubuta har sau uku cikin Turancin da na fi ji da shi. Amsa ɗaya ta zo bayan mun koma Zariya, layi biyu, cewa an ba wani gurbin. Ita kam ta iso, don ni aka aiko wa a jami'a. Na koma ɗakinmu na tarar da baƙo a gadonsa.

Ya zauna a Kebbe ya zama malamin firamare, yana duba shanun mutane da ɗan abin da ya tsinta a shekara biyu. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, wannan kuwa ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Ban ba shi labarin abin da ya faru a gaban motar ba, amma gari ƙarami ne, ya ji a bakin wasu.

Shekaru da yawa bayan haka tsohon ya rasu, na je ta'aziyya. Bayan mutane sun watse muna zaune mu biyu a bakin zaure, furfura ta fara fito mana, sai ya juyo ya dube ni. Na zaci zancen karatun zai tayar, har na fara shirya ba shi haƙuri.

Ya ce, "An ce kana wurin ranar da yaf faɗi sunana."

Na ce ina wurin.

Ya shiga wasa da tsinke a ƙasa. Can ya ce, "Ƙaƙa yaf faɗe shi? Kwatanta min. Ni ban taɓa ji ba."

Na buɗe baki in kwatanta, na kasa. Sau ɗaya tak tsohon ya kira sunan ɗansa a duniya, kuma cikin waɗanda suka ji har da ni da ban sauka daga keke ba, da mutumin da ke duba agogo.